Tambayoyi da amsoshi: Yadda jaridun Amurka na farko suka riƙa naɗa janar-janar tun kafin majalisa ta naɗa

Duk mai bibiyar tarihin yaƙin neman 'yancin Amurka zai lura da wani abu da ke yawan faruwa, wato mutum ya buɗe jarida ya ga an ce an yi wa wane ƙarin girma ko an ba wane rundunar kaza, daga baya kuma a gano ashe babu zancen. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai, na amsa iya abin da na tabbatar.

Wai wane zamani ake magana a kai?

Daga 1775 da aka fara harbe-harbe tsakanin jihohi 13 na Amurka da sojan Birtaniya, zuwa wajen 1800. Yaƙin kansa ya ƙare 1783, amma rigimar muƙaman soja ta sake tasowa a 1798 lokacin da aka ɗauka za a gwabza da Faransa.

To waye ke da ikon naɗa janar a lokacin?

Lokacin yaƙin babu shugaban ƙasa, majalisar wakilan jihohin ce ke komai, galibi tana zama a Philadelphia in ba Turawan Ingila sun koro ta ba. Ita ta zaɓi George Washington babban kwamanda ran 15 ga Yuni 1775, ita ce kuma ke naɗa manjo janar da birgediya janar. Washington shawara kawai yake iya bayarwa, sau da yawa ma ba a tambayarsa. Kuma zaman majalisar nan a asirce ake yinsa, ƙofa a rufe, an ɗauki alkawarin ba a fitar da magana. To kun san yadda abin yake, duk inda aka rufe ƙofa aka ce kar kowa ya ji, nan ne jita-jita ke samun gindin zama.

Bayan sabon kundin tsarin mulki ya fara aiki a 1789 sai abin ya koma shugaban ƙasa ya miƙa suna, majalisar dattawa ta amince. Ita ma dattawan in za su tattauna naɗe-naɗe ƙofa suke rufewa.

Akwai wani misali na gaske da jarida ta buga naɗin da ba a yi ba?

Akwai, kuma wanda abin ya faɗa kansa sanannen mutum ne, Benedict Arnold. Yau in an ambaci sunansa a Amurka cin amana ake nufi, amma a farkon 1777 ba haka yake ba, a lokacin yana cikin hafsoshin da aka fi yabo da jarumta. Da shi aka ƙwace sansanin Ticonderoga a 1775, shi ya ratsa da sojoji ta dajin Maine har Quebec inda aka harbe shi a ƙafa a ranar ƙarshe ta shekarar, sannan a Oktoba 1776 ya tare jiragen ruwan Birtaniya a tafkin Champlain, duk da an ragargaza nasa jiragen amma ya ɓata musu lokaci har sanyi ya shigo suka koma.

Sai ga shi ran 19 ga Fabrairu 1777 majalisa, tana gudun hijira a Baltimore, ta ɗaga mutum biyar zuwa manjo janar: Stirling, Mifflin, St. Clair, Stephen da Lincoln. Dukkansu Arnold na gaba da su a layi, huɗu birgediyoyi ne da suka zo bayansa, shi kuwa Lincoln ma daga sojan sa-kai na jiharsa aka ɗauko shi. Babu sunan Arnold.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne jaridu sun riga sun baza cewa an yi wa Arnold ƙarin girma. Har shi Washington kansa ya rikice. A wasiƙar da ya rubuta wa Arnold daga Morristown ran 3 ga Maris 1777 ya ce masa ya rasa gane ko an riga an naɗa shi tun da farko ne kamar yadda jaridu ke faɗa, ko kuwa kuskure aka yi aka tsallake shi, ya kuma roƙe shi kar ya yi gaggawar ɗaukar wani mataki har a bincika. Ku duba fa, babban kwamandan sojan ƙasa gaba ɗaya bai san ko hafsansa manjo janar ne ko birgediya ba, jarida yake dubawa kamar kowa.

Da aka bincika ashe ba kuskure ba ne. Majalisa ta tsara cewa wajen ƙarin girma za a duba abu uku, layin wanda ya riga wani, cancanta, da kuma yawan sojan da kowace jiha ta bayar. Jihar Arnold wato Connecticut ta riga tana da manjo janar biyu, Putnam da Spencer, sai aka ce rabonta ya cika. Rabon muƙami jiha-jiha dai kenan, ba yau aka fara ba. Arnold bai yarda da wannan bayani ba sam, ya ɗauka wulaƙanci ne aka shirya masa.

Kenan labarin jaridar nan ne ya sa shi cin amana?

A'a, wannan zuƙi-ta-malle ne in wani ya faɗa muku haka. Tsallake shin da aka yi shi ne ciwon, labarin jarida gishiri ne kawai aka barbaɗa a kai. Kuma cin amanar sai a Satumba 1780 ta fito fili, lokacin da ya shirya miƙa wa Birtaniya sansanin West Point aka kama hafsan Birtaniya Manjo John André da takardu a cikin takalminsa. Tsakanin nan abubuwa da yawa sun faru, bashi ya yi masa katutu, an gurfanar da shi gaban kotun soja kan yadda ya riƙe Philadelphia, ga auren Peggy Shippen wadda gidansu ke da alaƙa da hafsoshin Birtaniya, ga kuma kuɗin da aka yi masa alkawari. Amma dai in ana lissafa inda zuciyarsa ta fara baƙi da majalisa, kowa daga Fabrairu 1777 yake farawa.

Ta yaya ma jarida za ta buga abin da ba ta tabbatar ba?

Sai an fara cire hoton jaridar yau daga kai tukuna. Jaridar 1777 ba ta da wakilai, babu wani ɗan rahoto da za a tura majalisa ya ɗauko labari. Mutum ɗaya ne mai maɗaba'a, shi da yaransa masu koyon aiki, wani lokaci da matarsa, suna jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya da hannu, su shafa tawada su danna, yawanci shafi huɗu sau ɗaya a mako. Jarida mai fita kullum ma sai 1783 aka samu ta farko a Philadelphia. Lokacin da yaƙi ya ɓarke duka jaridun ƙasar ba su kai 50 ba.

To ina labari ke fitowa? Daga bakin kyaftin ɗin jirgin ruwan da ya iso tashar, daga matafiyi da ya sauka a masauki, daga mai kai wasiƙa a kan doki, daga wasiƙar da wani ɗan kasuwa ya samu ya kawo a buga wani yanki nata ba tare da an sa sunan wanda ya rubuta ba. Shi ya sa za ka ga labari ya fara da "mun ji cewa" ko "daga wasiƙar wani dattijo a gari kaza". Wai-wai kenan da haruffan dalma.

Babbar hanyar kuwa ita ce kwafa. Masu jaridu suna aika wa juna jaridunsu, kowa ya yanko abin da ya yi masa ya buga, har dokar gidan waya ta 1792 ta zo ta tabbatar musu da wannan musayar kyauta. Saboda haka in jarida ɗaya a Philadelphia ta yi kuskure, nan da mako biyu kuskuren na Boston, nan da wata yana Charleston, in jirgi ya tashi da ita bayan makonni shida zuwa takwas yana Landan, wani lokacin ma jaridar Landan ta buga sannan a sake kwafo shi a dawo da shi Amurka a matsayin tabbaci daga Turai. Mai karatu ya ga abu ɗaya a jaridu huɗu ya ce ai shikenan ya tabbata, bai san duk bakin mutum ɗaya ba ne.

Ni a ganina yawancin labaran naɗin nan ba ƙarya ce ta ganganci ba. Wani ɗan majalisa ne zai rubuta wa abokinsa cewa ana maganar ba wane muƙami, abokin ya karanta a teburin shan shayi, kafin maganar ta isa maɗaba'a "ana maganar" ta faɗi a hanya ta koma "an ba". Tsakanin ranar da aka yi shawara da ranar da takardar naɗi ta shiga hannun mai ita ana iya yin makonni, to a cikin wannan ramin ne labaran suke rayuwa.

Don Allah meye abin tada jijiyar wuya a kan wa ya riga wa?

Su a wurinsu ba ƙaramin abu ba ne. Kwanan watan da ke jikin takardar naɗinka shi ke nuna wa zai ba wa umarni in kuka haɗu a fagen daga, ko da da kwana ɗaya ya riga ka. Kuma mutanen zamanin sun ɗauki abin a matsayin mutunci, in aka ɗora na ƙasa da kai a kanka ka ci gaba da zama, to ka yarda kenan ba ka da daraja. Hanya ɗaya ce, murabus.

Tun ranar farko aka fara. Da Washington ya isa Cambridge a Yuli 1775 da takardun naɗi a jakarsa, ya miƙa wa Israel Putnam tasa ta manjo janar, sai ya tarar sansani ya hargitse, don a sojan Connecticut Joseph Spencer ne gaba da Putnam. Spencer ya tattara ya tafi gida ko sallama babu. Dole Washington ya riƙe sauran takardun a hannunsa ya rubuta wa majalisa. John Stark shi ma da aka tsallake shi a 1777 ajiye aikin ya yi ya koma New Hampshire, sai da ya ci yaƙin Bennington a Agusta da sojan jiharsa sannan majalisa ta ba shi birgediyan. Ɗan majalisa John Adams da abin ya ishe shi ya rubuta wa matarsa Abigail cewa hafsoshin nan suna wawar muƙami da albashi kamar birai sun ga gyaɗa.

A irin wannan yanayi, layi biyu a jarida sun isa su sa janar ya fara haɗa kayansa.

An taɓa samun waɗanda suka yi barazanar murabus a kan jita-jita kawai?

Ƙwarai, har mutum uku lokaci ɗaya, kuma manya. Silas Deane, wakilin Amurka a Paris, ya riƙa raba wa hafsoshin Faransa alkawarin muƙamai kamar goro don a samu taimakon Faransa. Cikinsu akwai wani masanin igwa mai suna du Coudray, Deane ya sa hannu cewa za a ba shi manjo janar da shugabancin rundunar manyan bindigogi, kuma a mayar da kwanan watan baya zuwa 1 ga Agusta 1776. Wannan kwanan wata shi ne dafin, don zai sa shi gaban Nathanael Greene da John Sullivan da 'yan kwanaki, sannan ya ture Henry Knox wanda shi ya gina rundunar igwan da hannunsa.

Magana ta zaga sansani cewa majalisa ta riga ta amince. A farkon Yuli 1777 su ukun kowa ya rubuta wa majalisa cewa in labarin nan gaskiya ne a sallame shi. Alhali majalisa ba ta yanke komai ba, tana ta juya maganar ne. Ran 'yan majalisa ya ɓaci matuƙa, suka ce soja na so ya yi wa farar hula barazana, suka nemi a ba su haƙuri ko kuma su tafi. Haƙurin dai ba a bayar ba, tafiyar ma ba a yi ba. Daga baya aka ƙirƙiro wa du Coudray wani muƙami na sufeto wanda ba zai ba su Knox umarni ba. A Satumba kuma, zai haye kogin Schuylkill a kwale-kwalen fito ya ƙi sauka daga kan dokinsa, dokin ya firgita ya zunduma ruwa da shi, ya nutse. Rigimar ta mutu tare da shi.

Gaskiya ne an taɓa baza cewa za a cire Washington a sa wani?

An baza, a ƙarshen 1777 zuwa farkon 1778. Washington ya sha kashi a Brandywine da Germantown, Philadelphia ta faɗa hannun Birtaniya, shi kuwa Horatio Gates ya kama rundunar Burgoyne, janar ɗin Birtaniya, sukutum a Saratoga cikin Oktoba. Sai aka fara gunaguni. Thomas Conway, ɗan Ireland da ya yi aiki a sojan Faransa, ya rubuta wa Gates wasiƙa yana kushe Washington, mataimakin Gates mai suna James Wilkinson ya saki baki a hanya, magana ta isa kunnen Washington. Ana cikin haka majalisa ta sa Gates shugaban hukumar yaƙi, ta ɗaga Conway zuwa manjo janar kuma sufeto janar a kan birgediyoyin da suka riga shi, su ma suka rubuta koke.

Wannan karon ta wasiƙu abin ya fi yawo, wasu ko sa hannu babu. Likita Benjamin Rush ya aika wa Patrick Henry gwamnan Virginia irin wannan wasiƙar, shi kuwa Henry ya tura wa Washington ita kai tsaye, Washington ya gane rubutun hannun. Har aka riƙa cewa Washington zai yi murabus, sai da ya rubuta da kansa cewa babu wanda ya taɓa jin haka daga bakinsa. Majalisa ba ta taɓa kaɗa ƙuri'ar cire shi ba, kuma har yau masana tarihi na gardama ko da gaske akwai shiryayyen makirci ko surutu ne ya yi yawa. Conway dai ya yi murabus, kuma ran 4 ga Yuli 1778 Janar John Cadwalader ya harbe shi a baki a fito-na-fito, ya rayu ya koma Faransa.

Babu masu yin ƙaryar da gangan kenan?

Akwai mana, yaƙi ake. James Rivington a New York yana buga jaridar masu goyon bayan Sarkin Ingila, 'yan tawaye har laƙabin jaridar maƙaryata suka sa mata, a 1775 ma sun shiga sun farfasa masa maɗaba'a. Shi ya sake buga wasu wasiƙu na jabu da aka fara fitarwa a Landan a 1777 da sunan Washington, wai an same su a jakar bawansa Billy Lee da aka kama, a ciki an nuna Washington na nadamar yaƙin yana son a sasanta da Sarki. Billy Lee kuwa ba a taɓa kama shi ba. Wasiƙun nan suka kwanta kusan shekara 20, sai 'yan adawa suka tono su lokacin Washington yana shugaban ƙasa, har sai da ya rubuta wa sakataren harkokin waje Timothy Pickering ran 3 ga Maris 1797, ranarsa ta ƙarshe a ofis, ya lissafa su ya ce ba nasa ba ne a ajiye wannan shaida.

Kar kuma a ɗauka ɓangare ɗaya ne. Benjamin Franklin da kansa a 1782 yana Faransa ya buga shafin jaridar Boston na bogi a 'yar maɗaba'arsa ta gida, da labarin ƙanzon kurege wai an kama buhunan fatar kan Amurkawa da 'yan asalin ƙasar za su aika wa Sarkin Ingila kyauta. Jaridu suka yi ta kwafa shekara da shekaru.

Me ya faru a 1798 da ka ambata?

Dangantaka da Faransa ta lalace, aka ce a tada sabuwar runduna. Shugaba John Adams ya miƙa sunan Washington a matsayin laftanar janar kuma babban kwamanda a farkon Yuli ba tare da ya tambaye shi ba, dattawa suka amince, sannan aka tura sakataren yaƙi James McHenry ya kai masa takarda gida a Mount Vernon. Tsoho ya karɓa amma da sharaɗi, ba zai fita ba sai in an kawo hari. Kenan wanda ya zama na biyu shi ne zai riƙe sojan a zahiri, nan fa aka yi watanni ana ja. Washington na son Alexander Hamilton, Adams na son Knox wanda a tsohon yaƙi ya fi Hamilton girma nesa ba kusa ba, ga kuma Charles Cotesworth Pinckney a tsakiya. Jaridu a lokacin kowace da jam'iyyarta, kowa na karanta jerin sunayen yadda ya yi masa daɗi. Sai da Washington ya nuna zai ajiye sannan Adams ya sakko, Hamilton ya zama na biyu, Knox ya ce shi kam ba zai yi aiki a ƙarƙashinsa ba.

A cikin wannan zagayen ne kuma Adams ya sa sunan surukinsa William Stephens Smith, dattawa suka yi watsi da shi. Misali ne mai kyau na cewa miƙa suna daban, naɗi daban, wanda ya karanta na farko bai ga na biyu ba sai ya tafi da labarin da ba haka ya ƙare ba.

Ba a hukunta masu buga ƙarya ne?

A kan kuskuren naɗi, ba wani hukunci. A Yuli 1798 an yi dokar hana tunzura jama'a wadda ta tanadi tarar da ta kai dala 2,000 da ɗaurin da ya kai shekara biyu ga mai buga ƙarya da ɓatanci ga gwamnati, amma 'yan adawa aka riƙa kamawa da ita, kamar ɗan majalisa Matthew Lyon na Vermont da aka ɗaure wata huɗu da tarar dala 1,000, mutanensa kuma suka sake zaɓensa yana cikin kurkuku. Dokar ta ƙare a Maris 1801. Thomas Jefferson da ya yaƙe ta, shi ma da ya ɗanɗani mulki a 1807 cewa ya yi kamata ya yi jarida ta kasa shafukanta huɗu, gaskiya, mai yiwuwa sosai, mai yiwuwa, da ƙarya, kuma kashin farko zai zama gajere.

To shi Arnold ya samu muƙamin nasa daga baya?

Ya samu, amma a guntu-guntu. A Afrilu 1777 sojan Birtaniya suka kai hari Danbury, Arnold yana gida hutu ya hau doki ya tare su a Ridgefield har aka harbe dokin a ƙarƙashinsa, majalisa ta ji kunya ta ba shi manjo janar a farkon Mayu. Sai dai da sabon kwanan wata, wato mutum biyar ɗin nan har yanzu suna gabansa. Ya je Philadelphia da ƙafarsa ya nema a gyara aka ƙi, ya miƙa takardar murabus a Yuli, sai ga labarin Burgoyne na gangarowa daga Kanada ya janye ya tafi arewa. A Saratoga aka sake harbinsa a ƙafar nan dai ta Quebec. Sai a ƙarshen Nuwamba majalisa ta yarda a mayar masa da matsayinsa a layi, Washington ya aika masa da gyararriyar takardar a Janairu 1778, ta same shi kwance a Albany ƙafa a ɗaure, kusan shekara guda bayan jaridu sun ce an ba shi.